Sanyi ya shigo, ƙauyenmu ya yi tsit: ina Turawan nan suke shigewa da la'asar?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ku ba ni shawara kafin kaina ya juye. Wata na huɗu ke nan da samun aiki a gidan kula da tsofaffi a wani ƙauye na Northumberland a arewacin Ingila, ba nisa da garin Hexham. Da muka zo a watan Agusta ƙauyen gwanin sha'awa, ko'ina kore shar, tumaki a kan tuddai, kowa na ɗaga maka hannu. Tun da aka mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, sai ka ce an kashe wa duniya fitila. Rana ba ta leƙowa sai wajen takwas da rabi, huɗu saura ta faɗi. Azahar sha biyu da 'yan mintuna, la'asar ɗaya da rabi, magariba kafin yara su gama cire kayan makaranta. Jiya da alwala ɗaya na yi salloli uku. Sanyin da sauƙi, an sa riga a kan riga. Shirun ne ya ishe ni. Ƙarfe biyar titi ba kowa, ko kare ba ya haushi. Yarana biyu sun koma kamar kajin gidan gona, daga makaranta sai gaban talabijin. Mutanen nan ina suke shiga? Ko dai in nemi aiki in koma Newcastle inda aƙalla akwai masallaci da mai sayar da attarugu?

Ɗan Fagge:
Hajiya ku da kuka gudu kuka bar mu da ƙurar hunturu da kaushi, yau ga shi kuna neman majalisa. Mu nan muna bakin mai shayi muna jin ɗumi, a turo mana fam mu turo muku hira.

Maman Ilham:
Ɗan Fagge Allah ya shirye ka. Wallahi yau da za a sayar mini da hayaniyar Kantin Kwari ta minti goma da na saya.

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, shekarata tara a wani ƙauye a Lincolnshire, kuma irin wannan kukan na yi a shekarar farko. Tambaya ɗaya zan yi miki: kin taɓa tsayawa kin karanta allon sanarwar da ke ƙofar zauren taron ƙauyenku, ko wanda ke jikin shago? Akwai kuma wata 'yar mujalla ta wata-wata da ake zuro wa ta ramin wasiƙa, wadda na tabbata kina haɗawa da takardun talla ki zuba a shara.

Can mutanen suke. Mu mun saba zumunci a ƙofar gida yake, ka fito ka shimfiɗa tabarma, wanda ya zo wucewa ya zauna. Su nasu zumuncin a kalanda yake, da rana da lokaci da wanda zai buɗe ƙofa da wanda zai wanke kofuna. Ba wanda zai yi miki sallama haka kawai, don a wurinsu shiga gidan mutum ba alƙawari takura ce. Amma ki duba allon nan. A namu zauren, Litinin motsa jiki na tsofaffi, Talata da safe shan shayi da kek, Laraba 'yan ƙungiyar mata ta WI, wadda aka kafa a Birtaniya tun 1915 kuma har yau kusan ba yankin da ba ta da reshe, Alhamis yara masu sikawut, sau ɗaya a wata a kafa majigi a kalli fim. Majalisar ƙauye ma a nan take zama, kuma kowa yana iya shiga ya saurara. Ni na taɓa zama awa biyu cur ana muhawara a kan inda za a ajiye akwatin gishirin da ake watsawa a hanya idan ƙanƙara ta daskare. Na fito ina dariya, amma washegari mutum uku suka gaishe ni da sunana.

Maman Ilham:
Yaya ka kama ni dumu-dumu. Mujallar nan da ita nake shimfiɗa wa takalman yara masu laka.

Malam Na Bradford:
Kafin kowa ya ruga zaure, a yi hattara. Yawancin hidimomin watan Disamba na Kirsimeti ne, wasu ma a cikin coci ake yi. Wasan kacici-kacicin da suke ji da shi a mashaya ake yinsa, kuma malamai sun yi magana a kan zama a teburin da ake shan giya. Sannan ba taron da za a tashi ba a sayar da tikitin nan na gwada sa'a ba, ka ba da fam ɗaya ko ka ci kwandon kaya ko ka tashi a tutar babu. Wannan caca ce ko da an ce kuɗin na gyaran rufin zaure ne. Shawarata ta dawo cikin jama'a. Yara suna buƙatar Islamiyya fiye da shayi da kek.

Baban Sadik:
Allah ya gafarta Malam, maganar tikiti gaskiya ce, kuma maganinta mai sauƙi ne. Ni nakan jefa fam biyu a gwangwani in ce sadaka ce, ba na son tikiti. Shekarar farko suna mamaki, yanzu matar da ke yawo da tikitin da ta hango ni sai ta miƙo gwangwanin kawai. Mashaya kuma ba na shiga. Amma zauren ƙauye ba coci ba ne, ba mashaya ba ne, kwamiti ne na mutanen gari ke riƙe da shi. Kuma ba kowa ke iya tashi ya koma Bradford ba, bizar 'yar'uwarmu a ɗaure take da wanda ya ɗauke ta aiki.

Anti Saratu:
Bari in sa baki a matsayina na Kirista 'yar Wusasa da ke zaune a Somerset. Malam, cocin ƙauyen Ingila ba irin wanda ka sani a gida ba ne. Namu an gina shi da dutse shekaru ɗaruruwa da suka wuce, zai ɗauki mutum ɗari biyu, amma ranar Lahadi mu goma sha biyu ne, kuma ni ce yarinya a cikinsu, ni da na ba hamsin baya. Limamiyarmu ɗaya ce take zagaya ƙauyuka biyar. Sai daren waƙoƙin Kirsimeti ne cocin ke cika maƙil, kuma rabin masu zuwa za su faɗa maka da bakinsu ba su yarda da komai ba, al'ada ce ta kawo su. Ba wanda zai ja ta da wa'azi, ni da nake nema ma ban samu ba.

Abin da zan ja kunnenki a kai ƙanwata shi ne abinci. Akwai wani ɗan ƙaramin kek mai busassun 'ya'yan itace a ciki da suke rabawa ko'ina a Disamba. Sunansa da Turanci kamar na niƙaƙƙen nama amma ba nama a ciki, sai dai wasu suna sa kitsen saniya, wasu kuma su ɗiga barasa. Ki tambaya. Haka jan abin sha mai zafi mai ƙamshin kanumfari da kirfa, giyar inabi ce aka ɗumama. Kusan kullum akwai na ruwan tuffa a gefe saboda yara da masu tuƙi.

Sista Bilki:
Ni ta fannin lafiya zan zo. Wannan nauyin jiki da ƙuncin da kike ji ba shirun kaɗai ba ne. Daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar nan ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da bitamin D, shi ya sa NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, ke ba da shawarar a sha maikurogiram 10 kullum, mu masu baƙar fata da masu rufe jiki kuma duk shekara. Ki saya wa kanki da yara. Lokacin hutun rana a wurin aiki ki fita ko minti goma sha biyar ne ki ga haske. Sannan ki saya wa yara riga mai ƙyalli da tocila, hanyoyin ƙauye ba fitila ba gefen masu tafiya a ƙasa. In ƙuncin ya wuce mako biyu yana hana ki barci ko cin abinci, ki ga likita, ba abin kunya ba ne.

Injiniya Gwani:
Kuna ta yabon zaure kamar gidan biki. Ni na yi shekara uku a ƙauye a Cumbria kuma ba zan koma ba. Za su yi maka murmushi, su tambaye ka yanayin gari, shekara uku ba wanda ya taɓa cewa shigo ka sha ruwa. Baturen da ya zo daga Landan ma shekara ashirin suna kiransa baƙo, balle kai. Kuma kada mu manta da ƙarshen Yuli da farkon Agustan 2024, tarzomar ƙin baƙi da aka yi a Sunderland da Middlesbrough da Hartlepool, duk a arewa maso gabashin nan da take zaune. Ni lokacin a ƙauye nake, mu kaɗai ne baƙaƙe, na kwana uku ina leƙen taga.

Su kansu zumuncin nasu yana mutuwa. Samari sun gudu birni don ba za su iya sayen gida ba, masu kuɗi sun saye gidajen suna zuwa hutu da bazara, da sanyi rabin layi a kulle. Gidan waya ya rufe, shago ya rufe. Ƙasar da sai da ta naɗa ministar kaɗaici a 2018 ita ce za ta koya mana zaman tare?

Baban Sadik:
Injiniya ban musa maka ko ɗaya ba. Amma tarzomar da ka ambata a birane aka yi ta. Ni a makon nan wani manomi da ba mu taɓa wuce gaisuwa da shi ba ya tsayar da tarakta a ƙofar gidana, ya ce in wani ya dame mu ga lambarsa. Bai shigo ya sha ruwa ba, ni ma bai taɓa ce mini in shiga nasa ba. To wanne za ka kira wannan?

Injiniya Gwani:
Zan kira shi mutumin kirki ɗaya. Allah ya ƙara mana irinsa.

Ɗan Damagaram:
Ku yi haƙuri in karkatar da zance, ni makiyayi ne ɗan makiyayi. Tumakin nan da Hajiya ta ce suna kan tuddai, me suke ci idan dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa? A ɗaka ake kulle su?

Maman Ilham:
Malam ai suna waje, ruwa da iska duk a kansu, ulun jikinsu ya ishe su. Shanu ne ake shigarwa rumfa. Da bazara manoma suke yanke ciyawa, wata a busar, wata a naɗe ta da baƙar leda ta tsimu, ƙunshi-ƙunshi kamar manyan ganguna. Kullum da asuba ina hanyar aiki nakan ga wani dattijo a kan babur mai ƙafa huɗu, karensa a baya, yana kai musu. Harawa ce dai irin tasu. An ce a Nuwamba ake sakin raguna cikin garke don a haihu wajen Afrilu idan sabuwar ciyawa ta fito.

Ɗan Damagaram:
Ikon Allah. Ashe ko'ina makiyayi ba ya hutu.

Hajiya Kaka:
'Yata, kina kusa da Hexham kike cewa ba abin kallo? Allendale fa tana nan gefenku. Daren 31 ga Disamba maza arba'in da biyar 'yan asalin kwarin suke sa kayan ban dariya, wasu su shafa baƙi a fuska, kowa ya ɗora rabin ganga a ka, wuta na ci bal-bal a ciki, a zaga gari da masu busa da kiɗa, sha biyun dare su jefa gangunan a kan tulin itace a tsakiyar kasuwa. Fiye da shekara ɗari da hamsin suna yi. Jikana ya kai ni shekarar da na je jinyar ido, ina tsaye da bargo biyu ina salati, tartsatsi na zuba a kan hular wani tsoho shi ko a jikinsa. Na ce wa jikan nawa, yau da a Kano aka yi wannan da Turawa sun zo da kyamara sun ce ga mutanen daji.

Baban Sadik:
Hajiya ai kowane yanki da nasa. Mu a Haxey ranar 6 ga Janairu ake jefa wani dunƙulen fata mai kamar guntun taɓarya a gona, ɗaruruwan maza su dunƙule a kansa cikin laka suna turereniya, kowane ɓangare na son kai shi mashayar unguwarsu. Ba a gudu da shi ba a jifa, sai turi kawai, har dare. Katanga ma in ta tare hanya tana iya faɗuwa.

Anti Saratu:
Namu ya fi naku ban mamaki. A Carhampton daren 17 ga Janairu ake zuwa gonar tuffa, a rataya gasasshen burodi a rassan bishiya, a zuba mata giyar tuffa a saiwa, a yi mata waƙa, a harba bindiga sama wai a kori miyagun iskoki don ta yi 'ya'ya. Ranar ma da dalili: da aka sauya kalanda a 1752 aka tsallake kwana goma sha ɗaya, su suka ƙi sakin tsohon lissafi.

Malam Na Bradford:
Kun ji ko? Waƙa ga bishiya da korar iskoki. Wannan ai bori ne da turanci.

Hajiya Kaka:
Malam ba wanda ya ce ta rataya burodi. Kallo na ce ta kai yara. Kai ba ka taɓa tsayawa kallon 'yan tauri a hawan sallah ba?

Ɗan Fagge:
Hajiya Kaka ta ci wannan zagayen, a buga mata ganga.

Sista Bilki:
In yara ne, wasan da suke kira fanto ya fi komai. Mutanen ƙauye da kansu suke yi a zaure, wajen Janairu ko Fabrairu, tun Oktoba suna gwaji. Tatsuniyar yara ake ɗauka a cusa mata habaici a kan mutanen gari, ƙato mai gemu ya sa rigar mata ya fito a uwar jarumi, mugu ya fito yara su yi ta yi masa ihu. Tashe ne sak, banda dai ba a bi gida-gida. Kullum suna neman yaran da za su cika dandamali da wanda ya iya keken ɗinki.

Baban Sadik:
Wani abu kuma da ya wuce ki bana amma ki riƙe na baɗi: Lahadi ta biyu ta Nuwamba ake taruwa a gindin dutsen tunawa da sojoji, kowa da jan fure a ƙirji, ƙarfe sha ɗaya a yi shiru na minti biyu, a karanta sunayen 'yan ƙauyen da suka mutu a yaƙin duniya. Ni kakana ya yi yaƙin Bama a runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. Da na faɗa wa tsohon sojan da ke shirya taron sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Da yawansu ba su san Hausawa sun yi wannan yaƙin ba.

Sai batun hita. Gidanki gas ne ko mai?

Maman Ilham:
Mai ne, ga wani koren tanki a bayan gida. Ba bututun gas a ƙauyen. Na kira masu kawowa suka ce ba sa kawo ƙasa da lita 500, na ji kuɗin na zauna.

Baban Sadik:
To ki tambaya a shago ko akwai ƙungiyar masu sayen mai. Gida ashirin ko talatin suke haɗa oda, tanka ta zo sau ɗaya, farashi ya sauko. Kuma kada ki bari ya ƙare a Janairu, lokacin kowa ke nema. Ki ajiye kyandir da tocila da ɗan risho, don in wuta ta ɗauke hitar mai ma ba ta tashi. Tambayi maƙwabtanki labarin guguwar Arwen ta ƙarshen Nuwamban 2021, Northumberland na cikin waɗanda suka fi shan ta, wasu gidajen sun haura mako ba wuta. Zaurukan ƙauye ne suka zama wurin dafa miya da cajin waya. Bayan tsadar makamashi ta 2022 kuma da yawansu suka fara buɗewa da rana don wanda ba ya iya kunna hita ya zo ya ji ɗumi, ba a tambayar kowa dalili.

Injiniya Gwani:
Wannan kam na yarda, a kan shiri da tsari ba a kama su. Ni dai ban ga zuciya a ciki ba.

Maman Ilham:
'Yan gida na dawo da rahoto, mako biyu ke nan. Na ciro mujallar daga ƙarƙashin takalma na karanta. Ranar Talata ina hutu na soya cincin cike da roba na tafi shan shayin safe. Na tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman bashi. Tsofaffi ne kusan ashirin, kofuna masu fure, wata babbar tukunyar ruwan zafi tana huci a kusurwa, tagogi duk sun yi gumi. Aka yi shiru na ɗan lokaci, sai wata mai farin gashi ta ce, ke ce ta gida mai shuɗiyar ƙofa, mai fita shida da rabi. Ashe duk sun san ni, sun san yarana, sun san ranar da na manta ban fitar da kwandon shara ba, kuma ita ce ta jawo mini shi bakin titi, ni ina ta zaton iska ce. Cincin bai kai minti goma ba. Wani tsoho ya cika aljihun kwat ɗinsa wai zai kai wa matarsa, aka ce masa matar taka da ta rasu shekara shida? Ya ce to karensa.

Injiniya, ga naka: ranar Juma'a zazzaɓi ya kwantar da ni, yara suka tafi makaranta, ban buɗe labule ba. Sha ɗaya na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Matar nan ce da sandarta, ta tako kan ƙanƙara, wai ta ga labulena a rufe. Na ce ta shigo, ta ƙi, ta tsaya a dokin ƙofa ta miƙo mini miyar kabewa a kwano ta ce ba nama ba giya, ta tambaya. Har yanzu ba ta taka cikin gidana ba.

Malam, ban shiga coci ba, tikiti ma na yi dabarar Baban Sadik. Asabar muna zuwa Newcastle Islamiyya da sayen nama, na cika firiza.

Daren jiya kuma da na fito zubar da shara na ɗaga kai. Tun ina yarinya a ƙauyen kakata rabona da ganin taurari haka, ashe tun 2013 aka ayyana wani babban yanki na Northumberland a matsayin wurin da ake kare duhun sama. Na taso yara da barguna na nuna musu kaza da 'ya'yanta, tana nan yadda na bar ta.

Malam Na Bradford:
Madalla da Islamiyya. A kula da maƙwabciyar nan, tana da haƙƙi a kanki. Azumi kuma yana matsowa cikin sanyi shekara bayan shekara, ku na arewa za ku fi kowa jin daɗinsa.

Injiniya Gwani:
Allah ya sa ta ɗore. Mu ji daga gare ki a Fabrairu, shi ne watan da ke karya mutum.

Maman Ilham:
Fabrairu ai ba ni da lokacin karyewa. Sun sa Ilham a fanto, ita ce ƙafafun bayan saniya, ni kuma da na yi suɓutar baki na ce ina da keke an jibgo mini riguna goma sha ɗaya, har da ta ƙaton mai gemu. Sannan sun rubuta sunana a jerin masu dafa abincin rana na tsofaffi ranar Laraba ta biyu a Janairu, mutum talatin. Anti Saratu, dafa-duka zan yi ko shinkafa da wake? Kuma attarugu nawa tsohon Bature zai iya ɗauka ba a kira motar asibiti ba?

Anti Saratu:
Rabin ɗaya, ki cire 'ya'yan. Yajin ki ajiye a gefe a ɗan kwano, za ki ga masu ƙarfin hali. Kuma ki haɗa da cincin, mai karen nan zai zo.